WAKEN SUYA BA MARAYA BA NE

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan ƙasar Birnin Gwari take, da wani ɗan wake wanda kowa ke shukawa amma ba kowa ke ba shi hakkinsa ba.

Ba sai mun tuna muku abin da ya sami wannan ƙasa ba. Shekara da shekaru 'yan bindiga na zaune cikin dajin Kamuku da na Kuyambana, manomi ba ya zuwa gona sai ya yi shahada, wani wurin ma sai ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe abin da ya shuka. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari wadda ta daɗe a rufe, mutane suka fara komawa gonakin da suka zama saura. Ba mu ce daji ya yi lafiya ba. Amma wanda ya sami komawa, to, da me ya koma? An kore shanun huɗa, abin da aka tara ya tafi wajen fansar 'yan'uwa. Talaka ya koma gona hannu rabbana.

Kowa ya san masara ita ce sarauniyar wannan ƙasa, amma sarauniya ce mai cin taki. A 2025 manoma sun ga abin da ya faru: taki na sama, kuɗin masara ya faɗi ƙasa warwas, wanda ya ci bashi ya noma ta ya rasa na biya. Domin haka muke cewa mai ƙaramin ƙarfi ya dubi waken suya da idon basira. Shi wannan wake yana yi wa kansa irin takin da muke saye da tsada da sunan yuriya. Ku tumɓuke gindi ɗaya lokacin da yake fure, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to, ƙwayoyin da ke ciki suna aiki, suna jawo abincin shuka daga iska. Wannan kyauta ce daga Allah, ba ta bi ta hannun ɗan kwangila ba.

To, me ya sa hekta guda, wato eka biyu da rabi, ba ta ba yawancinmu abin da ya wuce buhu goma, alhali a ƙasa irin tamu masu kula da shi suna samun ashirin har da ɗoriya, a Barazil kuwa sama da talatin? Amsa ita ce mun mai da shi maraya. Sai an gama da masara da dawa sa'an nan a tuna da shi, a kai shi gefen gonar da ta gaji, a jefa shi rami-rami nesa da juna kamar ana shuka dawa. Haba! Waken suya cinkoso yake so. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan, waɗanda suka fitar da yawancin irin da ake nomawa a Arewa, suna koyar da a bar kamar kamu guda tsakanin layi da layi, tsakanin ƙwaya da ƙwaya kuwa faɗin yatsa uku. A haka hekta na ɗaukar tsiro wajen dubu ɗari huɗu, iri kuma rabin buhu ko ya ɗan fi. Mai yin rami-rami ko sulusin wannan bai kai ba. Ya yi rowar iri tiya kaɗan, ya yi asarar buhuna. Ga shi kuma in shuka ta yi kauri, ganye kan rufe ƙasa da wuri, ciyawa ta rasa rana, bayan noman fari da maimai sai a huta.

Sai maganar iri. Waken suya ba gero ba ne da zai shekara biyu a rumbu ya tsira. Zafi na kashe shi cikin 'yan watanni, ido kuwa ba ya ganewa. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya ɗari a binne a bayan ɗaki, a riƙa ba su ruwa mako guda. In tamanin suka fito, iri ne. In ba su kai sittin ba, a kai wa mai awara. Wanda zai saya ya tambayi sunan iri, kada ya karɓi "mai kyau ne" kawai: akwai TGx 1448-2E wanda kwansonsa ba ya saurin fashewa, akwai TGx 1835-10E mai nuna da wuri, mai jure ciwon tsatsa. Lokacin shuka a wannan yanki daga tsakiyar Yuni ne zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna.

Amma inda muka fi ganin ana zubar da kuɗi shi ne wajen taki. Mutum ya matse ya sayo yuriya ya zuba wa wake, ganye ya yi kore shar, yana murna, ranar sussuka ya ga ba nauyi. Yuriya mai yawa sa ƙulle-ƙullen nan lalaci take yi, tun da an kawo musu abin da za su nema. Abin da ƙasarmu ta rasa, wanda wake ba ya iya jawowa daga iska, shi ne abin da ke cikin takin supa, kuma ko gona ta shekara goma tana hutawa ba ya ƙaruwa da yawa. Buhu uku na supa a hekta, a sa shi ranar shuka a rufe da ƙasa. Akwai kuma wani baƙin gari da IITA ke yi, NoduMax, wanda ake cuɗa iri da shi a inuwa a shuka a ranar, yana ƙara yawan ƙulle-ƙullen. Bai kai kuɗin buhun taki ko kusa ba. Ku zaga kasuwannin ƙauye ku gani, rumfa nawa ke da shi?

Kada kuma a ce mun ce a bar masara. A'a. Bana wake, baɗi masara a gurbinsa. Masarar za ta ci abin da wake ya bari, ƙuduji kuma zai ragu, gama saiwar waken suya na ruɗin 'ya'yansa su tsiro, su rasa abin kamawa, su mutu. Gonar da ta huta shekarun tashin hankali, in aka bi ta da masara a kan masara, ba da daɗewa ba za ta koma inda take dā.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, da ku muke. Masu saye suna nan, daga mai suyar awara a bakin tasha har kamfanin abincin kaji na Olam da aka buɗe a Chikun a 2017, har dilolin Dawanau a Kano. Amma kamfani ba ya son tsakuwa da danshi. Manomi ya yanke da zarar yawancin kwanso sun bushe sun fara ƙara, kada ya jira rana ta fasa su a gona, ya buga a kan tamfol. Ku kuwa in kuka biya mai tsabta kuɗi ɗaya da mai ƙasa, kun koya wa kowa zuba ƙasa. Bashin kaka da wasunku ke ɗaure manomi da shi tun damina, a ba shi kuɗin buhu ɗaya a karɓi biyu, mun san da shi, za mu komo kansa wani mako.

Abin da muke nema daga masu mulki bai da yawa. Duk shekara ana bikin rabon taki, a tara 'yan jarida, amma kamfa ne da yuriya, sau da yawa kuma bayan shuka ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna so supa da baƙin garin nan da iri mai suna su iso Birnin Gwari da Kuyello da Dogon Dawa da Randagi kafin ƙarshen Mayu, a sayar a fili ga mai fartanya, ba ga mai takarda ba. Muna so kuma malaman gona su fito daga ofis, kowace gunduma a yi gonar gwaji a bakin hanya, rabi rami-rami, rabi a cinkushe da supa, a auna buhunan a gaban jama'a ranar sussuka.