Tausayin Da Ke Kwantar Da Mai Jinya

Yau ina so mu yi magana a kan wani irin tausayi da kan cuci mai jinya, musamman wanda ya tashi daga sankarar ƙashi.

Shi wannan ciwo ya fi kama yara masu tasowa, 'yan shekara 10 zuwa 20, kuma galibi kusa da gwiwa yake farawa. Da fari sai a ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori, kumburi kuwa na ta ƙaruwa. Haka ta faru ga wata ɗalibata a nan Kaikai. Sai daga baya aka kai ta asibitin Kankiya, aka tura ta asibitin ƙashi na Dala a Kano. Da ƙafa ɗaya ta dawo gida.

Uwarta, don tsabar so, ta shimfiɗa mata tabarma a ɗaka, ko buta ba ta barin ta ɗauka. Sandunan da aka ba ta a asibiti na jingine a bango. Da na koma dubiya bayan wata biyu, sai na tarar ƙafar mai lafiyar ma ta rame, yarinya ko dariya ta daina.

To, 'yar'uwa, naman jiki in bai yi aiki ba shanyewa yake, gaɓa kuma ta sage. In dungulmin ƙafa ya saba lanƙwashewa, da ƙyar ƙafar roba za ta zauna masa. Hatta kasalar nan da ke biyo bayan maganin sankara, likitoci sun tabbatar motsa jiki daidai ƙarfi na rage ta, yawan kwanciya kuwa ƙara ta yake.

Ban ce a tashi mai jinya da ƙarfin tsiya ba. Ƙashin da ciwo ya taɓa yana saurin karyewa, don haka sai da izinin likita. Kafin a sallame ku, ki nemi likitan gashin ƙashi ya gwada miki motsin da ya dace, ki riƙa sa ta tana yi safe da yamma. Yau daga ɗaki zuwa tsakar gida, gobe har zaure. Ki ba ta tsinkar zogale da tankaɗe. In zafi ko kumburi ya tashi, a dakata a koma asibiti.

A ƙasar Kanada an yi wani saurayi, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafa saboda wannan ciwo a 1977. A 1980 ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba, don tara kuɗin binciken sankara. Ciwon ya dawo ya rasu a 1981, amma dai bai ƙare kwanansa a kan tabarma ba.

Ku kuma 'yan makaranta, in ƙawarku ta dawo da sanduna, ku biya mata, ku riƙe mata jaka, ku rage sauri. Ban da kallo, ban da tsegumi.

Ɗalibata dai yanzu ta koma aji, ita ce ma ke rabon littattafai. Uwarta da kanta ta ce mini, "Malama, ashe motsi ya fi laɓewa."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.