AIKIN GIDA: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A watan jiya mun yi magana a kan shingen lambu da yadda za a hana awaki ɓarna. A wannan wata za mu fita ƙofar gida, inda mota ko babur ke kwana, gama mun lura gidaje da yawa ba su ɗauki kula da abin hawa a bakin aikin gida ba. Ana shara kullum, ana ban ruwa safe da yamma, amma mota sai ta mutu ake tunawa da ita.

Mu da muke bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari mun san abin da mutuwar mota take nufi. Tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma da zarar an wuce Buruku, daji ya fi gari yawa. A shekara ta 2021 har layin waya gwamnati ta rufe a wannan yanki saboda 'yan bindiga, ba halin kiran kowa. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin Uba Sani ta yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mun kuwa gode wa Allah. Duk da haka daji yana nan daji, ba wurin da mai iyali zai so ya kwana ba ne.

Mu kanmu mun sha wannan darasi. Wata rana a shekarun tashin hankali mun ɗauko wani dattijon ikilisiya daga asibiti a Kaduna cikin tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. La'asar sakaliya, muna tsakanin Udawa da gida, sai tururi ya taso daga gaban mota. Fambel ya tsinke. Muka tsaya a gefen hanya, uwargida tana riƙe da marar lafiya, ba mai cewa uffan. Allah ya kawo wani direba mai sabon fambel a akwatinsa, ya taimake mu kafin duhu. Abin kunyar shi ne, makonni biyu ke nan muna jin fambel ɗin yana kuka da safe, muna cewa sai ranar kasuwa.

Tun daga ranar muka sa wa kanmu doka. Kowace Asabar da sassafe, kafin a ta da inji, akwai abubuwa biyar da mukan duba, kuma ba su kai rabin awa ba.

Na fari, ruwan lagireto. A duba shi inji yana sanyi. Kada a kuskura a buɗe murfin sa'ad da inji ya yi zafi, gama tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙone fuska. A matsa tiyo da hannu; idan ya tsattsage ko ya yi laushi kamar dafaffen rogo, lokacin canji ya yi.

Na biyu, baƙin mai. A tsai da mota a wuri mai daidai, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyun nan. Idan ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga cikinsa, wannan kuwa aikin makanike ne, kada a hau hanya.

Na uku, fambel. A danna tsakiyarsa da babban yatsa. Idan ya lotsa fiye da kaurin yatsa ɗaya ya yi sako-sako, idan kuma akwai tsaga a cikinsa a sake shi. A ajiye wani a mota tare da sifana, da tocila, da galan na ruwa.

Na huɗu, batir. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir shi ke hana mota tashi. A fara kwance igiyar da ke da alamar ragi, a wanke kan da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a bushe, a ɗaure, a shafa giris kaɗan. Kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, kada kuma a ƙara masa ruwan rijiya, sai ruwan batir.

Na biyar, tayoyi, har da safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 3219 yana nufin mako na 32 na 2019. Tayar gwanjo takan yi kyan gani alhali ta tsufa, saboda haka a karanta kafin a biya. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara ga jak kaɗai, ya sa gungumen itace, ya tare tayoyi da dutse. Birki da sitiyari kuwa a bar wa gwani. Sanin iyakar iyawarmu shi ma hikima ne.

Yanzu da hunturu ya shigo, a riƙa ciro matatar iska ana kakkaɓe ƙura. Matata da ta toshe takan sa mota shan mai, kowa kuwa ya san abin da fetur ya zama tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023. Mai babur ma wannan magana ta shafe shi, ya ƙara da duba sarƙa.

Lambu ma yana da rabonsa. Tsohuwar taya, in an cika ta da ƙasa da takin gida, takan riƙe alayyafo ko albasa a tsakar gida duk rani. Amma kada a bar ta a yashe, gama da damina takan tara ruwa sauro ya hayayyafa. Tsohon baƙin mai kuma kada a zubar kusa da rijiya ko kwamin lambu. A zuba shi a galan, a rufe, a ajiye inda yara ba za su kai ba.

Muna roƙon iyaye kada su yi wannan aiki su kaɗai. A kira yara, maza da mata. A gidanmu ƙaramar 'yarmu ce mai karanta sandar awo, idonta ya fi namu. Uwargida ma ta san inda jak yake, domin ranar da maigida ne marar lafiya, wa zai canja taya?

A Littafin Nehemiya mun ga yadda mutane da dama suka gyara garun Urushalima, kowa daura da gidansa, aikin kuma ya ƙare cikin kwana 52 ko da yake abokan gaba suna kewaye. Ba mu da ikon gyara hanyar Kaduna, ba mu da ikon share daji. Amma abin da ke ƙofar gidanmu, Allah ya ba mu amanarsa. Mu duba mota, sa'an nan mu sunkuyar da kai mu yi addu'a kafin mu tashi.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan yaɓen rumbu. Allah ya kiyaye fitarku da shigarku.