Alkawarin Shekara Talatin A Bakin Kogin Ƙanƙara

A falon wani malami a Zariya akwai wani hoto da ya shekara talatin a rataye. Cikinsa ga saurayi nan siriri, ya sha rigar sanyi har wuya, a bayansa kuwa wani farin abu ya malale tsakanin tsaunuka kamar an shanya alawayyo. An ɗauki hoton nan cikin 1988, sa'ad da malamin ke ƙaro ilmin Faransanci a Grenoble. Da ya komo gida ya yi aure, amarya ta tambaye shi mene ne wannan farin abu, ya ce kogi ne na ƙanƙara, kuma in Allah ya ja kwana zai kai ta ta gani da idonta. Alkawari kuwa kaya ne. Bai sauke nasa ba sai cikin watan Agusta na 2019, bayan ya yi ritaya, da ɗansu mai aiki a Lyon ya aiko musu da tikitin jirgi.

Wurin yana bisa garin Chamonix, wanda masu shi ke furtawa Shamoni, a gindin Mont Blanc, kusa da inda iyakar Faransa ta gamu da ta Italiya da Suwizalan. Faransawa suna kiransa Mer de Glace, watau Tekun Ƙanƙara, kuma ana danganta sunan da kwatancin wasu Turawan Ingila biyu, Windham da Pococke, waɗanda suka hau can cikin 1741. Yadda abin yake shi ne, dusar ƙanƙara tana zuba a ƙwanƙolin tsaunuka shekara da shekaru, ta sama tana danne ta ƙasa har ta daskare ta yi tauri kamar dutse, sa'an nan nauyinta ya riƙa tura ta cikin kwari sannu sannu. Tafiya take yi, amma ido ba ya gani.

Tun 1909 akwai ɗan jirgin ƙasa mai haƙora da ke ɗaukar mutane daga cikin gari zuwa Montenvers, mita 1,913 bisa teku, cikin minti ashirin ko kusa da haka, a sauke su a bakin kogin ba tare da sun yi gumi ba. Malam ya ce shi ba ta nan za su bi ba. A zamanin samartakarsa keken igiya ya hau zuwa Plan de l'Aiguille, inda ya haura mita 2,300, daga nan ya bi wata 'yar hanyar ƙafa da ke ratsa gefen tsauni wajen kilomita shida, har ta kai wani tudu da ake kira Signal Forbes, inda kogin ke bayyana wa mutum gaba ɗaya kamar an yaye labule. Haka yake so uwargidansa ta fara ganinsa. Niyyar ba laifi. Laifin yana ga abin da ya ƙi ji, gama mai sayar da tikiti ta gaya masa da Faransanci ana sa ran hadari bayan tsakar rana, shi kuwa bai fassara wa Hajiya wannan ba, don washegari za su bar garin.

Sa'a guda ta farko lami lafiya. Gari yana can ƙasa ƙanƙane, tsaunuka masu tsini kamar allura suna bisa kawunansu, Hajiya na ta tasbihi. Daidai azahar sai gajimare ya taso daga cikin kwari ya haɗiye hanya, iska ta juya, aka fara yayyafi, kafin su buɗe lema ruwa ya ɓarke. Lemar ma ba ta daɗe ba iska ta karya ta. Duwatsun da suke takawa suka yi santsi, 'yan ƙoramun da ake tsallakawa da taki ɗaya suka cika suka yi ruwan ƙasa, suna gangarowa da tsakuwa.

A mararrabar Blaitière akwai hanyar da ke sauka ta cikin kurmi zuwa gari. Nan Hajiya ta tsaya.

"Malam, mu sauka. Abin da aka yi shekara talatin ana jira, ba zai gudu yau ba."

"Haba Hajiya, ai mun ci rabin hanya. Ruwan tsauni ne, yanzu zai ɗauke."

Bai ɗauke ba. Ga wani abu kuma da mutumin ƙasar zafi ba ya kawo shi a ransa: kowace mita dubu da aka hau, sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri shida, jiƙaƙƙen tufafin auduga kuwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda jiki ke iya mayarwa, balle in iska na kaɗawa. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, sai makyarkyata ta tsananta, yatsu su ƙi aiki, harshe ya yi nauyi, hankali ya fara gushewa, alhali mai shi yana rantsuwa lafiyarsa lau. Ba sai ana zubar ƙanƙara wannan ke kashe mutum ba, ruwan bazarar Turai ma ya isa.

Hajiya ta fito da shiri, don surukarta ta ba ta aron doguwar rigar ruwa da takalmi mai kaushin ƙasa, ta kuma cika fulas da shayi mai citta. Malam, wanda ya san ƙasar, shi ne ya fito da 'yar kwat bisa taguwar auduga da takalmin zuwa ofis. A hawan ƙarshe zuwa Signal Forbes ta lura ya daina magana, mutumin da tun safe bai bar dutse ɗaya bai faɗi sunansa ba. Ya zame sau biyu. Ta ce ya ɗaure igiyar takalminsa da ta kwance, ya durƙusa yana lalube, yatsu suka ƙi.

Ba ta sake neman shawararsa ba. Ta ja shi bayan wani ƙaton dutse inda iska ba ta bugu, ta cire masa jiƙaƙƙiyar kwat, ta ciro busasshen mayafin ulu daga jaka ta naɗe masa ƙirji da kai, ta ɗura masa shayi, ta tura masa dabino uku a baki. Sa'an nan ta ɗaure masa takalmin da kanta.

"Riƙe gefen rigata, Malam. Inda na sa ƙafa, nan za ka sa."

Tudun nan an sa masa sunan James Forbes, wani masani ɗan Sikotland da ya auna tafiyar kogin cikin 1842. Daga kansa ne Malam ya shekara talatin yana tanadin yaye wa matarsa labule. Da suka iso babu abin da suka gani sai hazo fari fat, da tarin duwatsun da matafiya ke jerawa. Ba su ko tsaya ba. Hajiya ta bi fentin da aka shafa jikin duwatsu don nuna hanya, ta riƙa gangarawa kwana bayan kwana, gwiwoyinta na rawa, shi yana biye, har suka hango rufin tsohon hotal ɗin Montenvers, ginin dutse na 1880. Tafiyar da ake yi cikin sa'a biyu da rabi ta ci musu kusan biyar.

A cikin hotal aka ba shi bargo da abin sha mai zafi, jini ya komo masa fuska. Bayan la'asar ruwa ya tsagaita, hazo ya fara yayewa, ya ce su fita bakin dakali. Hajiya ta duba dama, ta duba hagu. Abin da ke gabanta wani wawakeken rami ne mai bangaye na tsakuwa, can ƙasa ƙwarai kuma wani abu launin toka kamar hanyar da ba a gama zuba wa kwalta ba.

"To, ina ƙanƙarar?"

Ya nuna mata ƙasan ramin. Ƙanƙarar tana nan, amma ta lotsa, ɓaraguzan dutse sun rufe ta. Tun daga 1850 kogin ya ja baya fiye da kilomita biyu, a daidai Montenvers kuwa kaurinsa ya ragu da fiye da mita ɗari tsakanin zuwan Malam na farko da na biyu. Dalili shi ne abin da ke narkewa da bazara ya fi abin da ke zuba da hunturu, tun da zafin tsaunukan Alps ya ƙaru da kimanin digiri biyu daga ƙarshen ƙarni na 19. Wata biyu kafin zuwansu, ran 28 ga Yuni, an auna digiri 46 a kudancin Faransa, zafin da ko a Sakkwato sai an yi maganarsa. Cikin 1988 mai sauka daga ƙaramin keken igiyar wurin matakala uku zai taka ya shiga kogon da ake haƙawa cikin ƙanƙarar. A 2019 matakalun sun haura 500, an kafa alluna a jikin bango masu nuna inda ƙanƙara take a 1990 da shekarun da suka biyo. Daga baya, cikin 2024, sai da aka buɗe sabon keken igiya can gaba, don a bi ƙanƙarar inda ta koma.

Malam ya laluba aljihun ciki ya ciro kwafin hoton falo, wanda ya naɗe cikin leda. Hajiya ta karɓa ta ɗaga shi daidai da tsaunuka. Kowane tsini yana inda yake, har da dogon bangon Grandes Jorasses can ƙurya. Farin abin ne kaɗai babu. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya gaya mata abin da mai sayar da tikiti ta faɗa da safe.

"Na sani," in ji ta. "Ba na jin Faransanci, amma na ga ta nuna sama, na kuma ga fuskarka. Me ya sa kake tsammani na koma ɗaki na ɗauko mayafin?"

Kafin jirgin ƙarshe ya tashi ta roƙi wata Baturiya ta ɗauke su hoto a daidai inda ya tsaya cikin 1988, shi a naɗe da mayafin mata, ita da karyayyiyar lema a hannu. Yanzu hotuna biyu ne a falon. Baƙi sukan duba na farko su ce ai wannan Turai ce, sa'an nan su duba na biyu su tambaya wace ƙasa ce kuma nan.