Tushen Gada a Kan Ruɓaɓɓen Dutse

Duk mai haƙar rijiya a ƙasar Daura ya san cewa ƙasa hawa-hawa ce: rairayi a sama, sai marmara, a wasu wuraren kuma sai dutsen da ruwa ya cinye shekara da shekaru, wanda ake iya murtsukewa da hannu. Irin wannan ƙasa ce ke ɗaukar manyan motocin da ke bin hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram, ita ce kuma za ta ɗauki layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya kuma ratsa ta Daura.

Idan ƙasar sama ba za ta iya da nauyin gada ba, injiniyoyi kan haƙa rami mai zurfi har cikin dutsen, su zura rodi, su zuba kankare. Wannan ginshiƙi yana sauke nauyi ta hanya biyu: jikinsa yana kama bangon ramin, gindinsa kuma yana dira a ƙasa. A ruɓaɓɓen dutse, jikin ne ke fara ɗaukar kaya, domin motsi na 'yan milimita ya isa ya sa kankare ya cije bango, alhali gindi ba ya bada cikakken ƙarfinsa sai ginshiƙin ya nutse fiye da haka.

A nan sakaci ke ɓarna. Ramin da aka bari ya kwana da ruwa bangonsa kan yi laushi, laka ta shafe shi, kankare ya rasa abin kamawa. Taɓon da ba a kwashe daga ƙasan ramin ba kuwa kamar katifa ne a ƙarƙashin gada. Akwai kuma ƙaton dutsen da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar ruɓaɓɓen: injin haƙa ya buge shi, a ɗauka an kai ga dutse na asali, ashe a ƙarƙashinsa ɓurɓushi ne.

Duk wannan aiki ne da ido ba ya gani da zarar an rufe ƙasa. Saboda haka wannan jarida na kira ga hukumomin ayyuka da su wajabta gwajin ƙasa a mazaunin kowane ginshiƙi, da gwajin ɗora nauyi kafin a aza gada, a kuma bayyana sakamakon ga jama'ar da za su hau ta.