SANIN TSIRRAN DAJI: Garmani da Damaigi

Ruwan farko ya sauka a ƙasar Atantane. Daji ya fara kore. Amma ba kowane kore ne abincin bisashe ba. Wannan wata, magana a kan garmani ce, wanda waɗansu ke kira hatsin Makka.

Garmani yana tsirowa daga iri da farkon damina. Ya fi son burtali, da bakin rijiya, da makwantar shanu. Bisashe ba su son shi. In ya yi yawa sai ya rufe ƙasa da inuwa. Komayya da gadagi da ƙarangiya su rasa wurin fita. Bayan farin 1973 da na 1984, makiyaya da yawa a jihar Maraɗi sun zama fili. Inda ciyawa ta ragu, nan garmani yake samun wuri. Yau ana ganin shi a burtulan Mayahi da na Tasawa.

Akwai wani tsiro mai gashi kamar shi, shi ne damaigi. Tun suna ƙanana, yaro mai kiwo yana iya rikita su. Damaigi kuwa abokin makiyayi ne. Yana zama ɗanye har cikin rani. Raƙuma da awaki da tumaki suna cin shi lokacin da ciyawa ta ƙare. Saiwarsa tana riƙe rairayi kada iska ta kwashe. Wanda ya tuge damaigi da sunan garmani ya yi wa garkensa ɓarna.

Ga yadda ake rarrabe su:

1. GANYE. Ganyen garmani kore ne mai haske. Yana da faɗi a gindi, da tsini a kai. Bakinsa yana da ƙananan haƙora kamar zarto. In an shafa, yana da laushi ciki da baya kamar karan-miski. Ganyen damaigi fari-fari ne kamar an barbaɗa masa toka, bakinsa a lanƙwashe.

2. FURE. Furen garmani ƙarami ne, ruwan ɗorawa, mai kunne 5. Ya yi kama da na kuɓewa da na rama, don danginsu ɗaya. Furen damaigi ba ya ɗaukar ido, sai an duƙa ake ganin shi.

3. ƳAƳA. Ɗan garmani in ya bushe yakan rabu gida-gida. Kowane gida yana da ƴan ƙayoyi 2 a kai. Da su yake kama gashin tunkiya da wutsiyar saniya, a kai shi wata makiyaya. Ɗan damaigi dunƙule ne mai ɗaki 3.

4. KARA. Ɓawon garmani yana da zare mai ƙarfi, har ana tufka igiya da shi. Ba ya karyewa da sauƙi.

Yaushe ake yaƙar garmani? A watan Yuli da farkon Agusta, tun bai yi fure ba. Lokacin ƙasa tana da laima, saiwa tana fita duka. In an sare shi daga sama kawai, yakan sake toho. In an bari ya zuba iri, aikin baɗi ya ninka.

Mutum guda ba ya iya share burtali. Aikin gayya ne. Maigari da hardo su sa rana, manoma da makiyaya su fito tare da hauya. Wurin da aka share kada a bar shi tsirara. A watsa irin komayya ko na ƙyasuwa, a hana bisashe shiga har ciyawa ta kama. A sake dubawa baɗi, don akwai sauran iri cikin ƙasa.

In burtali ya mutu, garke sai ya faɗa gona. Daga nan rigima take tashi tsakanin manomi da makiyayi. Wanda yake shakkar wani tsiro, ya tuge guda da saiwarsa, ya kai wa malamin daji ko malamin dabbobi a Mayahi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.