Tallan Jarida da Tarihin Gidajen Sinima na Kano

Tarihin gidajen sinima na Kano, tun daga Rex da aka buɗe a 1937 har zuwa Palace, Plaza, Orion da El Dorado, yana dab da salwanta, domin an mayar da yawancin gine-ginen kantuna ko wuraren wasu harkoki, kuma waɗanda suka yi kallo a cikinsu sai ƙara ƙaranci suke yi. A wancan zamani akasarin gidajen mallakar 'yan kasuwa Kwarori ne, wato 'yan asalin Labanan, kuma da yake filaye ne marasa rufi masu dogayen katangu, sai duhu ya shiga ake haska fim. Gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 300, ta ƙarfafa ƙyamar da malamai da iyaye suke yi wa sinima, amma ba ta hana matasa tururuwa ba. Shaida mafi inganci da ta rage ita ce 'yar tallar da jaridu irin su New Nigerian suka riƙa bugawa, ɗauke da sunan gida, sunan fim da lokacin farawa, domin daga jerinta mai bincike zai iya bin sawun yadda finafinan Indiya suka sha gaban na kaboyi, har suka yi tasiri a kan finafinan Hausa. Saboda haka wajibi ne jami'o'i da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna su ɗauki hotunan waɗannan shafuka su adana a kwamfuta tun kafin gara da danshi su cinye su.