Mu Koyi Riƙon Kuɗi Kafin Mu Saba Da Bashi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wani ciwo da kusan kowa daga cikinmu yake fama da shi a ɓoye, watau yadda kuɗi suke shigowa hannunmu a farkon wata, kafin wata ya raba sun bi ruwa, mu kuwa ba mu iya faɗin inda suka shiga. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da jami'o'inmu za su sanya darasin riƙon kuɗi cikin darussan dole. Mu da muka fito daga Illela muna ganin muna da bakin magana a kan wannan batu, domin kuwa garinmu ya sha ganin yadda kuɗi suke yi wa mai su tutsu.

Illela tana bakin iyaka ne, tazara kaɗan ce tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Yaron da ya tashi a can yana tasowa da kuɗi iri biyu, naira da sefa, kuma tun kafin ya iya karatu ya san cewa dala ɗaya sefa 5 ce. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare guda, waɗanda suka yi ajiya da ita suka wayi gari rabin guminsu ya tafi. Tun 1999 kuwa sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, sai ga shi a watan Yuni na 2023 an saki naira kasuwa ta yi mata farashi, reshe ya juye da mujiya. Duk ɗan canjin Illela ya san darasin da ke cikin wannan, cewa kuɗin da aka kwantar ba su da amana. Mu da muke taƙama da boko, mu nawa ne muka san shi?

Haka kuma iyakar da take ciyar da garin an rufe ta a 1984, lokacin canjin kuɗi, har zuwa 1986. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka kuma garƙame ta har Maris 2024. A kowane karo ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa kaf a haja ɗaya shi ya fi jin jiki, kuma da yawa daga cikinmu daga irin wannan jari kuɗin makarantarmu suke fitowa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne bashin karatu. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun NELFUND, wanda ya fara da biyan kuɗin makaranta da kuma ba ɗalibi N20,000 a wata domin ɗawainiya, ba ruwa, a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Babu shakka taimako ne babba, kuma ba mu ce kowa ya guje shi ba. Amma fa bashi sunansa bashi. Wanda ya karɓi wannan kuɗi kowane wata har shekara 4, N960,000 ke wuyansa, ban da kuɗin makaranta. Bugu da ƙari, a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, watau kayan da N20,000 ta saya shekara guda kafin nan sai da aka ba da kusan N27,000 a lokacin. Shin daidai ne a miƙa wa matashi takardar bashi ya sa hannu, alhali ba a taɓa zaunar da shi an yi masa wannan lissafi ba?

Mun san ana koyar da darasin sana'a da dogaro da kai, kuma yana da amfani, sai dai ya fi ƙarfi ga neman kuɗi, alhali nema daban riƙo daban. Darasin da muke roƙo a gina shi ne a kan aljihun ɗalibi. Kowa ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita har ƙarshen zango, kama daga kuɗin mota zuwa katin waya da ankon biki. Sa'an nan ya zaɓi shawara guda da ya taɓa yankewa game da kuɗi, ya rubuta dalilin da ya sa ya yanke ta, da abin da ta haifar, da abin da zai sake in da yau ne. Malami kaɗai zai ga littafin, kuma a ba da maki ga gaskiya da zurfin tunani, ba ga yawan abin hannu ba. A kai ɗalibai kasuwar dabbobi ta Illela su ji daga bakin dillalai da 'yan canji, a koya musu adashi da hukuncin riba da zakka, a kuma nuna musu yadda MMM ta tsaya da kuɗin jama'a a Disamba 2016, da yadda CBEX ta rushe a Afrilu 2025, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Wasu za su ce wannan tarbiyyar gida ce. To, iyayenmu sun koya mana tattali, amma ba su taɓa cika fom ɗin bashi a waya ba. Wasu kuma za su ce talauci ne ciwon, lissafi ba ya cika tukunya. Gaskiya ne, kuma ba mu ɗora wa ɗalibi laifin tsadar rayuwa ba. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi bukatar lissafi, domin kuskure ɗaya ya isa ya raba shi da karatu, mai hali kuwa yana da inda zai faɗa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu su rubuta wannan roƙo su kai gaban majalisar jami'a a zamanta na gaba. Kafin nan kuma, kada mu jira kowa. Kowannenmu ya sayi ɗan littafi a wannan mako ya fara rubutawa, a ƙarshen wata mu haɗu mu ji abin da kowa ya gano. Allah Ya sa mu dace, amin.